Abin da Gidan Tarihi Ke Ɗauka wa Kansa Idan Ya Sayi Fasahar Zamani

A watan Fabrairun 2018 ne hukumar gidan adana kayan fasaha na ƙasar Koriya ta Kudu da ke Gwacheon, kusa da birnin Seoul, ta kashe wutar wata hasumiya da ta shekara talatin tana haskaka tsakiyar gidan. Hasumiyar aikin Nam June Paik ce, wanda ya jera akwatunan talabijin 1,003 hawa-hawa har suka haura mita 18, a shekarar 1988 da ƙasar ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik. Ɓarawo bai taɓa ta ba, gobara ba ta ci ta ba. Tsofaffin akwatunan nan masu doro ne kawai suka gaji, masu bincike suka ga alamar za su iya tayar da wuta, kamfanonin da ke ƙera irinsu kuma sun daɗe da daina yi. Paik ya rasu tun 2006, don haka babu damar a koma gare shi a bi matsalar dalla-dalla. Sai a watan Satumban 2022 aka sake kunna hasumiyar, bayan an tsinto tsofaffin akwatuna daga inda duk aka samu, an gyara waɗanda za su gyaru, an cusa allunan zamani a cikin ƙoƙon wasu daga cikin na can sama, sannan aka taƙaita sa'o'in da za a riƙa kunna ta don a ja mata kwana.

Wannan labari ya isa ya nuna cewa tunanin da mafi yawanmu muke da shi game da gidan tarihi ya tsufa. Mun saba ɗaukarsa a matsayin wurin da ake kai abu a rufe shi cikin gilashi, a kiyaye shi daga danshi da zafi da hannun mutane, ya zauna yadda yake har jikokin jikoki su zo su gani. Wannan tunani ya dace da sassaƙen dutse da zubin tagulla da zanen fenti a kan ƙyalle, ko da yake su ma suna buƙatar kulawa. Amma wanda ya buɗe kundin kayan kowane babban gidan fasahar zamani a yau zai tarar da bidiyo, da sauti, da fitilun lantarki, da manhajar kwamfuta, da shafukan intanet, da roba, da tarkacen da aka tsinto, da takardun umarni, har ma da ayyukan da ba su da jiki sam sai in mutane sun tsaya sun yi su. Abin bai faɗo daga sama ba. Gidan fasahar zamani na birnin New York da ake kira MoMA, wanda aka kafa a 1929, ya buɗe ɗakin adana fina-finai a 1935 da sashen hotunan kyamara a 1940, a lokacin da masu faɗa a ji da yawa ba su yarda waɗannan fasaha ba ne. Gidan nan ɗin ne ya shigar da alamar @ cikin kundinsa a 2010, ya karɓi wasannin bidiyo 14 a 2012, cikinsu har da Pac-Man da Tetris, a 2016 kuma ya karɓi ƙananan hotunan emoji 176 na farko da Shigetaka Kurita ya tsara wa kamfanin NTT DOCOMO na Japan.

Ina goyon bayan wannan faɗaɗawa ba tare da wani ɗar-ɗar ba. Gidan da ke da'awar adana fasahar zamaninsa, sannan ya ƙi karɓar komai sai fenti da dutse, zai bar wa na baya hoton ƙarya na zamanin da mutanensa suka rayu a gaban allon waya da talabijin. Inda nake da magana shi ne kan abin da ke biyo bayan saye. Ina ganin gidajen tarihi da yawa suna saye da idon ranar buɗe baje koli, alhali abin da suka ɗauka wa kansu amana ce ta shekaru aru-aru, kuma ina ganin suna ɓoye wa mai kallo wani abu da yake da haƙƙin sani, wato iya yawan abin da aka canza a jikin aikin da yake tsaye a gabansa.

Kafin in shiga wannan, bari in sallami masu dariya, domin duk inda aka ɗauko zancen fasahar zamani sai an jefo labarin ayaba. A watan Disamban 2019, a kasuwar baje kolin fasaha ta Miami, Maurizio Cattelan ɗan Italiya ya manna ayaba a bango da salatif, aka sayar da aikin dala 120,000. A watan Nuwamban 2024 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin kwafinsa a gidan gwanjo na Sotheby's kan dala miliyan 6.2. Wanda ya ce wannan hauka ce ta masu kuɗi ba zan yi jayayya da shi ba, amma haukar ta kasuwa ce, kuma kasuwa daban, gidan tarihi daban. Abin lura shi ne abin da gidan tarihin Guggenheim na New York ya karɓa sa'ad da aka ba shi kyautar aikin a 2020. Ba a kai masa ayaba ba, ba a kai masa salatif ba. An kai masa takardar shaida da shafukan umarni da ke bayyana tsawon da za a manna ta daga ƙasa, da yadda za a karkata ta, da lokacin da za a sauya ta da sabuwa. Ɗalibin da ya ɓalle ayabar ya cinye a gidan Leeum na Seoul a 2023 bai lalata komai ba, domin an manna wata. Ko mutum yana son aikin ko yana ƙinsa, ya fito da gaskiyar lamarin fili: sau da yawa abin da gidan tarihi ke mallaka a yau izini ne da kuma nauyin sake yin abu yadda ya kamata, duk lokacin da za a nuna shi.

Wasu ayyukan kayan da aka yi su da shi ne ke cin kansu. Eva Hesse, wadda ta rasu a 1970 tana da shekara 34, ta yi aiki da ruwan roba da take shafawa a kan ƙyalle mai shara-shara, tana sane da cewa ba zai daɗe ba. Ayyukanta da suke da laushi da haske a farko sun yi duhu sun ƙandare, wasu har ba a iya rataye su. Ɗaya daga cikin manyansu, na 1969, ya daɗe a ɗakin ajiyar Guggenheim kafin a yi masa doguwar jinya a fito da shi a 2022. Irin wannan mutuwa tana kama da tsufan ɗan Adam, kuma ƙwararrun adanawa sun san yadda ake rage mata gudu.

Wadda ta fi ɗaure kai ita ce mutuwar da ke zuwa daga waje, lokacin da aikin yana nan lafiya amma duniyar da ke riƙe da shi ta kau. Kodak ya daina ƙera na'urarsa ta haska ƙananan hotuna a bango a 2004, alhali akwai ayyuka masu yawa na shekarun 1970 da 1980 da aka gina su kan wannan na'ura, har da ƙarar da take yi idan hoto ya sauya. Funai, kamfani na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar kaset ɗin bidiyo, ya tsaya a 2016. Adobe ya janye hannunsa daga manhajar Flash a ƙarshen 2020, ya bar ɗimbin ayyukan intanet ba sa buɗuwa. Misalin da ya fi jan hankalina shi ne na Dan Flavin, wanda tun daga 1963 ya riƙa yin aikinsa da dogayen ƙwayayen lantarki irin waɗanda ake sawa a ofisoshi da masana'antu. Da gangan ya zaɓe su, saboda kaya ne na kowa da kowa, masu tsawo da launi da kamfani ya riga ya ƙayyade, kuma idan ɗaya ya mutu sai a sa wani. Ya rasu a 1996. Tun daga 2023 Tarayyar Turai ta hana shigar da manyan nau'o'in waɗannan ƙwayaye kasuwa saboda sinadarin makuri da ke cikinsu, sauran duniya ma ta juya zuwa fitilun LED. Yanzu gidan da ke da aikin Flavin yana gaban zaɓi uku, kuma kowanne akwai abin da yake kashewa. In ya tara tsofaffin ƙwayaye a sito, wata rana za su ƙare. In ya yi odar a ƙera masa na musamman, to abin da mai aikin ya zaɓa don arharsa da yawansa ya koma kayan gata da ake lallaɓawa. In ya sa LED, hasken ya canza, yadda yake zuba a bango ya canza, ɗan kukan da fitilar ke yi ya tafi. Babu amsar da ta kuɓuta daga asara, kuma ban ga laifin gidan da ya zaɓi ɗaya daga cikinsu ba. Laifin yana wajen gidan da ya zaɓa ya yi shiru.

Akwai kuma ayyukan da ba su da wurin zama sai ƙwaƙwalwar mutane. A tsakiyar shekarun 2000 gidan Tate na Landan ya sayi wani aikin Roman Ondák ɗan Slovakiya, wanda bai wuce mutane su yi layi a wani wuri kamar masu jiran wani abu ba, alhali babu abin da suke jira. Tino Sehgal ya zarce nan. Ba ya yarda a ɗauki hoton aikinsa ko bidiyonsa, ba ya yarda a rubuta yarjejeniyar ciniki. Da baki ake yin cinikin a gaban shaidu, da baki da jiki ake koyar da masu gabatarwa. A haka MoMA ya sayi aikinsa a 2008. Tambayar da ta kamata kowane mai kula da dukiyar jama'a ya yi ita ce: idan ma'aikatan da suka halarci cinikin suka yi ritaya, waɗanda aka koya wa aikin suka tsufa, shi kansa mai aikin ya bar duniya, me ya rage a kundin? Amsar ita ce babu abin da zai rage, sai in gidan ya ɗauki nauyin maimaita aikin lokaci-lokaci don kada sarƙar masu saninsa ta tsinke. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga ɗan Adam, domin da ita aka riƙe waƙa da rawa da tarihin baka tun kafin a san rubutu. Baƙuwa ce ga hukumar da aka gina ta kan rajista da lamba da maƙulli.

Mai doki ya san ba ranar saye ake gama biyan kuɗin doki ba, tun da kullum sai ya ci, sai an share masa turke, sai an nemo masa magani. Mafi yawan waɗannan ayyuka haka suke, amma tsarin kuɗin gidajen tarihi har yanzu na masu sayen dutse ne. Attajiri yana jin daɗin bayar da kuɗin saye, domin za a rubuta sunansa a bango kusa da aikin. Gwamnati tana jin daɗin gina sabon reshe, domin akwai ranar yanke ƙyalle. Da wuya a sami wanda zai ce a rubuta sunansa a kan albashin injiniyan da ke kwashe bidiyo daga tsohon tsari zuwa sabo duk bayan 'yan shekaru, ko a kan na'urar ajiyar bayanai da ake duba lafiyarta ba dare ba rana. Sakamakon haka shi ne kundi yana ƙaruwa, ɗakin ajiya yana cika, adadin ayyukan da za a iya kunnawa a nuna kuma yana raguwa a ɓoye, ba tare da ya fito a rahoton shekara ba. Shi ya sa nake ganin bai kamata kwamitin saye ya sa hannu kan wani aiki ba sai an ajiye masa lissafin riƙonsa na shekaru masu zuwa kusa da farashinsa, an kuma nuna masa inda kuɗin zai fito. Kyauta ma haka, domin kyautar da ta zo ba tare da abin riƙonta ba nauyi ce aka ɗora wa masu biyan haraji na gobe.

Ilimin yin wannan aiki yana nan, ba a ce babu ba. Tate ta kafa sashen kula da ayyukan bidiyo da sauti tun a shekarun 1990. A ƙarshen waɗannan shekarun Guggenheim ya ɓullo da tsarin yi wa mai fasaha tambayoyi tun yana raye: idan wannan na'ura ta ɓace, a tara irinta, ko a mayar da aikin kan sabuwa, ko a sa sabuwar ta kwaikwayi tsohuwar, ko a sake gina aikin daga tushe bisa manufarsa? Daga baya Tate da MoMA da gidan fasahar zamani na San Francisco suka haɗa kai suka wallafa ƙa'idojinsu don kowa ya ɗauka kyauta. Wannan hira da mai aiki ita ce abu mafi arha kuma mafi daraja a duk harkar, kuma ita ce ake yawan ɗagawa zuwa gobe har mutumin ya mutu.

Yanzu ga batun da ya fi damuna, wato ɗan allon bayanin da ake mannawa kusa da aiki. A bisa al'ada yana ɗauke da sunan mai aiki, da sunan aikin, da shekara, da kayan da aka yi shi da su. Shekarar nan guda ɗaya tana sa mai kallo ya ɗauka cewa abin da ke gabansa ya fito ne daga wannan shekara, daga hannun wannan mutum. A ayyuka da yawa na zamani wannan zato ba daidai ba ne. Kifin nan da Damien Hirst ya sa a cikin akwatin gilashi mai ruwan magani a 1991 ya fara ruɓewa, aka sauya shi da wani kifin a 2006, kuma sabon ne mutane suka yi ta kallo sa'ad da aka ba gidan Metropolitan na New York aronsa daga 2007. Kaskon fitsarin da Marcel Duchamp ya gabatar a 1917, wanda ake ɗauka a matsayin kakan duk wannan tafarki, ya ɓace tun a lokacin. Waɗanda ke gidajen tarihi yau kwaikwayo ne, mafi yawansu na 1964 da shi da kansa ya amince da su, kuma Tate tana rubuta shekarun biyu a allon nata. Abin da nake nema ke nan, kuma bai fi layi ɗaya ko biyu ba: an ƙirƙira a shekara kaza, an sake ƙerawa a shekara kaza, an sauya kaza da kaza, da izinin wane.

Gidan Whitney na New York ya nuna yadda gaskiya ke ƙara wa aiki daraja. A 1995 ya karɓi wani aikin intanet na Douglas Davis, wanda aka fara a 1994, wata jimla ce guda da kowa a duniya zai iya ƙara mata kalmomi amma ba a yarda a sa mata aya ba. Shekaru suka wuce, shafin ya lalace, ba a iya ƙara komai, hanyoyin da ke kai mutum wasu shafuka suka mutu. Da aka zo gyara a 2013, sai gidan ya fito da siga biyu: ɗaya tsohuwar yadda take da raunukanta, ɗaya kuma mai rai da aka sake rubuta mata manhaja don mutane su ci gaba da rubutu. Ya bayyana wa kowa wace ce wace. Mai kallo bai yi asarar komai ba, ya ma ƙaru da sanin yadda intanet ke tsufa.

Na san hujjar da ake kawowa a kan wannan. Ana cewa yawan bayani yana raba hankalin mai kallo, yana mayar da ɗakin kallo ɗakin karatu, kuma wasu masu fasahar ba sa so a ja hankali zuwa ga kayan aiki tun da tunanin ne aikin. Hujjar tana da ƙarfi idan aka dubi Sol LeWitt, wanda tun daga 1968 yake rubuta umarni wasu su zana a bango, idan baje koli ya ƙare a shafe da fenti, a sake zanawa a wani wuri. Zane-zanensa 105 da ke gidan MASS MoCA a jihar Massachusetts an buɗe su ne a 2008, shekara guda bayan rasuwarsa, kuma babu mai hankalin da zai ce jabu ne. Tana da ƙarfi idan aka dubi tarin alawar Felix Gonzalez-Torres na 1991 da ke gidan fasaha na Chicago, wanda aka so nauyinsa ya kai kusan kilo 79, nauyin jikin wani na kusa da shi da cutar ƙanjamau ta kashe. Masu kallo suna ɗiba, tarin yana ramewa, ma'aikata suna ƙarawa. Haka kuma El Anatsui, ɗan Ghana da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Nsukka, wanda ke ɗinke dubban murafun kwalabe da wayar jan ƙarfe su zama kamar ƙaton mayafi, yana barin masu ratayewa su naɗe shi su lanƙwasa yadda suka ga ya dace, ta yadda aiki ɗaya ba ya fitowa da fuska ɗaya sau biyu. A duk waɗannan, canji yana cikin ginin aikin.

Sai dai a ganina waɗannan misalai suna ƙarfafa buƙatar bayani ne. Duk inda mai fasaha ya bar ƙofa a buɗe, wani ne zai yanke hukunci, kuma wannan wanin ma'aikacin gidan tarihi ne ko magajin mai aikin. Hannunsa ya shiga cikin abin da ake gani, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. LeWitt da kansa ya so a riƙa ambaton waɗanda suka zana. Su kuma magada, duk da kyakkyawar niyyar da yawancinsu ke da ita, suna da ruwa da tsaki a kasuwa, tun da hukuncin da suka yanke kan abin da yake sahihi yana taɓa darajar abin da ke hannunsu. Hukumar da jama'a suka ba amana bai kamata ta bar irin wannan hukunci a cikin fayil ɗin da ba kowa ke gani ba.

Abin da ya faru da tarin Panza darasi ne babba a nan. Giuseppe Panza, attajirin Italiya, ya sayi ayyuka da yawa na masu fasahar Amurka a shekarun 1960 da 1970, wasunsu a kan takarda kawai, wato zanen tsari da takardar shaida, daga baya ya sa aka ƙera masa su. Donald Judd, ɗaya daga cikin waɗannan masu fasahar, ya fito fili ya ce wasu daga cikin abubuwan da aka ƙera da sunansa ba aikinsa ba ne. A farkon shekarun 1990 Guggenheim ya karɓi ɗaruruwan ayyuka daga wannan tari, bayan ya sayar da zanen Kandinsky da na Chagall da na Modigliani a 1990 kan kimanin dala miliyan 47 don ya sami kuɗin. Sai a 2010 ya ƙaddamar da bincike na musamman kan abin da ya saya, kuma binciken ya kai shi ga cire wasu abubuwa daga matsayin aikin fasaha: suna nan a ajiye don nazari, amma ba za a ƙara nuna su da sunan mai aikin ba. Na yaba wa gidan kan wannan jarumta, domin ba kowace hukuma ce ke iya cewa abin da ta saya da tsada yana da tangarɗa ba. Amma shekara ashirin ke nan tsakanin saye da tambaya, kuma Judd ya rasu tun 1994.

Akwai wata hujja da ta fi ta farko nauyi, kuma ba na son in yi mata riƙon sakainar kashi. Idan aka ce kada gida ya sayi abin da ba zai iya riƙewa ba, to manyan gidajen Landan da New York da Paris ne kaɗai za su riƙa tara fasahar bidiyo da ta kwamfuta, ƙananan gidaje da na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuma su tsaya kallo, ayyukan masu fasaharsu su ci gaba da kwarara zuwa inda kuɗi yake. Wannan haɗari na gaske ne, kuma tarihin yadda kayan wasu al'ummomi suka taru a wasu ƙasashe da sunan can ne za a fi kula da su ya isa ya sa mutum ya yi taka-tsantsan da irin wannan magana. Sai dai yanayin waɗannan sababbin ayyuka yana buɗe wata ƙofa da dutse bai taɓa buɗewa ba. Sassaƙe ba ya zama a gari biyu, amma bidiyo da manhaja da takardar umarni ana iya yin tarayya a kansu ba tare da an ɗora komai a jirgi ba. Aikin nan na Christian Marclay na 2010, mai tsawon sa'a 24, wanda ya harhaɗa dubban gutsattsarin fina-finai da ke nuna agogo ya daidaita su da lokacin wurin da ake kallo, gidaje uku ne suka haɗa kuɗi suka sayi kwafi guda a 2012: Tate, da Cibiyar Pompidou ta Paris, da gidan tarihin Isra'ila da ke birnin Ƙudus. Idan manya sun ga ya dace su yi tarayya, ƙanana sun fi su buƙatar haka, har da tarayya a kan ƙwararre guda da zai riƙa zagaya gidaje da dama, da ma'ajiyar bayanai guda da za su riƙa ciyarwa tare. Gidan da ba shi da injiniya zai iya riƙe aikin umarni fiye da yadda zai iya riƙe hasumiyar talabijin, kuma sanin wannan bambanci tun kafin saye shi ne abin da nake kira a yi.

Saura batun lokaci, wanda shi ne asalin wahalar tara fasahar masu rai. Gidan da ke sayen tsohon aiki yana saye ne bayan ƙarni ya tace masa, shi kuwa mai sayen aikin bana yana caca ne, kuma da yawa daga cikin abin da ya saya ba za a tuna da shi ba nan da shekara hamsin. Waɗanda suka kafa MoMA sun san da haka, har suka ƙulla yarjejeniya da Metropolitan a 1947 cewa ayyukan da suka tsufa za su riƙa komawa can, kafin a watsar da tsarin a 1953 gidan ya zaɓi riƙe manyan kayansa dindindin. A zamanin fenti, kuskuren saye ba ya cin komai sai wuri a sito. A zamanin na'ura, kowane kuskure yana da kuɗin wuta da na ma'aikaci da na sauya tsari, shekara bayan shekara. Saboda haka dole gidajen su yarda cewa ba kowane aiki ne za a iya raya shi har abada ba, su kuma samar da hanya ta fili da za a bi a ce wannan aiki ya kai ƙarshensa: a tuntuɓi mai shi ko magadansa, a ɗauki cikakken bayaninsa da hotunansa da bidiyonsa inda aka yarda, a ajiye ragowar jikinsa don masu nazari, sannan a rubuta a kundin da kowa ke iya dubawa cewa ba ya nunuwa kuma, da dalili, da shekara, da sunan kwamitin da ya yanke. A halin yanzu ayyuka da dama sun riga sun kai wannan matsayi a ɗakunan ajiya, amma a rajista har yau ana ƙirga su cikin kayan da gidan ke alfahari da su, ana kuma nuna wannan adadi ga masu ba da tallafi idan an je neman kuɗin sayen wasu.